Muryar da Ba Ta Numfashi

Shafi na 31

Masu turo min saƙo suna tambayar ko mutuwa na yi, ina nan da raina, aiki ne ya sha min kai. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muke. Ni mai haɗa sauti ne, shekara goma sha ɗaya ina tace waƙoƙin mawaƙin nan da kuke kira Sarewa. Ya sha ƙwayoyinsa ya kaɗe wata mai sharar titi da mota, ya gudu, bayan kwana uku aka kama shi a sutudiyona, ya yi shekara biyu da wata huɗu a gidan yari. Duniya duk ta sani ban da mahaifiyarsa, wadda ciwon suga ya cinye wa idanu, ga ciwon zuciya a kai. Yayarsa ta ce mata aiki ya samu a ƙasar waje, ta ɗauke mata rediyo da sunan ya lalace, ni kuma aka ɗora min haɗa saƙon murya duk mako daga tsofaffin maganganunsa da ke ajiye a kwamfutata. Saƙo ɗari da ashirin da ɗaya na haɗa. Ba yabon kai ba, har yau ban yi aikin da ya kai su kyau ba.

Mu koma ƙofar gidan mahaifiyar tasa.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna, kwanansa shida da fitowa, muna zaune a motar Yaya babu mai niyyar sauka.

"Sake gaya min," in ji Sarewa, "me na ce mata a saƙon ƙarshe?"

"Ka ce sanyi ya ragu, ka kusa dawowa, ta riƙa shan magani."

"Ni na ce sanyi ya ragu?"

"Shekara bakwai da suka wuce. Na'urar sanyaya sutudiyo kake nufi."

Bai yi dariya ba. Yaya ta waiwayo daga kujerar direba ta nuna akwatin da ke gefena. Sabo fil, jiya ta saye shi ta cika shi da turare da mayafai da takalman roba masu laushi, har ta goga gefensa a ƙasa don ya yi kama da wanda ya sha hanya.

"Ka shiga da akwatin nan, ka gaishe ta, ka ce ka gaji. Shi ke nan. Me ye abin wahala a ciki?"

"Yaya, ƙarfe huɗu zan hau talabijin kai tsaye. Ko auduga kika cusa mata a kunne sai ta ji."

"To ka fasa."

"Ba zan fasa ba."

"Saboda wata mace za ka kashe uwarka?"

"Shi ya sa na zo in gaya mata da bakina kafin ta ji a bakin wasu."

Kwana uku ke nan ana tallar shirin: Sarewa zai fasa ƙwai, zai faɗi sunan wanda ya kira masa 'yan sanda. Sunan kuwa mu a motar duk mun san shi. Malama ce, matarsa, uwar 'yarsa, wadda ya aika wa takardar saki daga gidan yari a watansa na biyu. A lissafinsa ita kaɗai ya gaya wa inda ya ɓuya. Tun a kan zargi kawai masoyansa sun sa ta sauya makarantar da take koyarwa sau biyu. In ya faɗa da bakinsa yau, ban ga titin da za ta iya bi da yarinyar nan ba. Na gaya masa haka sau ɗaya, ya ce in tsaya a kan wayoyina. Na tsaya.

Ni na zagaya na buɗe masa ƙofar motar. Tun da ya fito haka yake, sai ya zauna yana jira a buɗe masa.

Tsakar gidan ba ta sauya ba. Famfo a can kusurwa, igiyar shanya, da filin siminti inda ya taɓa ajiye motar ya lulluɓe ta da tamfol. Ya bi ta wajen kansa a sunkuye. Yaya na gaba tana jan akwati, ni ina baya riƙe da jakar kwamfuta, don ko banɗaki zan shiga ba na barin ta.

Ƙofar falon a ɗan buɗe take. Yaya ta shige. Shi kuwa ya tsaya cak a bakin ƙofar, hannuwa a baya.

"Wa ya tsaya min a ƙofa?" Muryar Umma ce daga ciki. "A shigo mana, ai ba a kulle take ba."

Tana zaune a kujerarta ta kullum kusa da taga, wayarta mai manyan madannai a cinya. Ta rame, amma zamanta a miƙe yake. Ya durƙusa a gabanta.

"Umma."

"Auta."

Ta laluba ta kamo kansa, ta shafa askin, ta bi kumatu, ta sauko kan kafaɗa, ta riƙe tafin hannunsa ta daɗe tana murzawa.

"Ƙasar wajen nan ba su da man shafawa ne?"

"Sanyi ne, Umma," Yaya ta yi karaf. "Ga tsaraba nan ya kawo miki, akwati guda."

"Madalla. Ajiye shi can."

Na samu gefen kujera na ɗosana. Kunnena ba ya hutu, ciwon sana'a ne, duk ɗakin da na shiga sai na ƙirga ƙararrakin da ke ciki. Akwai fanka, akwai firji, akwai agogon bango, sai kuma wani siririn sauti da ke zuwa yana ɗaukewa ta wajen ɗakin ciki. Na ce a raina ƙila tagar can ce ba ta rufu sosai ba.

Yaya ta zo zama, tarin makullanta ya suɓuce ya faɗi a kan tayil. Kafin ƙarar ta mutu Sarewa ya miƙe tsaye zumbur, ƙafafu a haɗe, ido a bango.



"Zauna, Auta," in ji Umma. "Makullan yayarka ne."

Ya koma ya tsuguna. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi.

"Umma, akwai maganar da na zo da ita."

"Na sani. Bari tukuna. Mai Wayoyi, kana nan ko? Na ji ƙamshin turarenka mai arhar nan."

"Ina nan, Umma."

"Kana da na farkon? Saƙon da ya turo min ranar da ya sauka?"

Na kalli Yaya, Yaya ta kalli silin. Na buɗe kwamfuta na kunna. Muryar Sarewa ta cika falon, tas da ita.

"Umma, ina kwana. Na sauka lafiya. Aiki ya yi yawa, ba zan samu kira ba, amma zan riƙa turo saƙo. Ki yi min addu'a."

Daga wurare tara na tsinto waɗannan kalmomin. "Na sauka lafiya" daga wata hira ce, "ki yi min addu'a" kuma wata mai sayar da shayi ya taɓa gaya wa cikin raha lokacin makirufo yana kunne. Kwana biyu na yi ina daidaita su. Ko yanzu da na ji, sai da na ji daɗin aikina.

"Sake."

Na sake.

"To Auta, kai kuma faɗa min shi da bakinka. Kamar yadda yake."

"Umma..."

"Faɗa."

Ya ja numfashi. "Umma, ina kwana." Ya sake ja. "Na sauka lafiya."

"Ya isa. Mai Wayoyi, ka ji?"

Na ji. Wallahi na ji. Duk sanda Sarewa zai ja numfashi akwai wani ɗan fito siriri da ke fita ta hancinsa. Shi ne abu na farko da nake yankewa a kowace waƙa, a kowace hira, shekara goma sha ɗaya. Hannuna ya saba har ba ya neman izinina. In na ga ɗan tudun nan a kan allon kwamfuta, share shi nake kamar yadda mutum ke kore ƙuda.

"Da shi aka haife shi," in ji Umma. "Yana jariri, in wuta ta ɗauke, da fiton nan nake gane gefen da ya mirgina. Da idona ya tafi, da shi nake sanin ya shigo gida tun kafin ya yi sallama. Sai ga saƙo ya zo, ɗana yana magana minti guda cur bai ja numfashi ko sau ɗaya ba. Wane ɗan Adam ne haka?"

"Umma, ni dai..." na fara.

"Ba faɗa nake maka ba. Aikinka yana kyau. Kyan ne ya yi yawa."

A duk zagin da aka taɓa yi min a sana'ar nan, babu wanda ya shige ni kamar wannan, kuma cikin ruwan sanyi aka yi shi.

Yaya ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. "Tun na farko kika gane?"

"Tun na farko."

"Shi ne kika bar mu? Shekara biyu, Umma. Ina ɓoye rediyo, ina tare maƙwabta a ƙofa, ina roƙon masu zuwa gaisuwa su kama bakinsu."

"Na ga kowa ya samu abin yi, kuma hankalinki ya fi kwanciya a haka. Rediyon maƙwabta kuwa ba ki ɗauke shi ba, katangar nan ba ta da kauri." Ta shafa wayar da ke cinyarta. "Kuma ko yankakkiya ce, muryar ɗana ce. Nakan saurara sau goma a rana. Amma ku gode wa Allah na san inda yake. Da ban sani ba, saƙon nan ne zai kashe ni, don cewa zan yi mutuwa ya yi kuke ɓoye min."

Sarewa ya ɗago kai a hankali.

"Kin san inda nake tun kafin saƙon farko?"

"Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ci gaba da shafa wayar da ke cinyarta.

"Ita ce ko? Malama ce. Bai ishe ta ta kira min 'yan sanda ba, sai da ta zo ta ɗora miki a zuciya." Ya nuna ƙirjinsa. "Umma, shekara biyu da wata huɗu ina kwana a siminti, mu talatin a ɗakin mutum goma. Ana nuna ni ana cewa ga Sarewa can yana wanke bokitin bayan gida. Sabon gandiroba in ya zo sai ya sa ni na yi masa waƙa kafin ya ba ni ruwa. Abu ɗaya ne ya riƙe ni, ranar da zan zauna a gaban kyamara in kira sunanta. Yau ce ranar."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Taku nawa ne daga ƙofar nan zuwa famfo?"

Ya yi sororo. "Ban sani ba."

"Goma sha huɗu. Kullum da safe ina takawa. Ran nan na yi taku shida na ci karo da ƙarfe. Ka zo ka ajiye min mota a kan hanyata ka ce lalacewa ta yi. Na ce to. Na dafa ta ina zagayawa, tamfol ɗin ya zame, fitilar gaba ta yanke ni a yatsa. Ga tabon nan." Ta ɗaga yatsan, ba ta daidaita inda yake ba, ni ta nuna wa. "Na sa hannu in ji girman fashewar, sai na ji wani abu a maƙale a ƙarfen gaba. Na zaro shi. Tsinkayen tsintsiya ne, Auta, da guntun robar da ake ɗaure ta."

Ta sauke hannun a cinyarta.

"Da me na ciyar da ku?"

Yaya ce ta amsa, can ƙasa. "Da shara."

"Shekara goma sha tara ina sharar asibiti. Ni za a gaya wa tsintsiyar ma'aikaciya? Na san yadda ake ɗaure ta don kada ta ci hannu."

A hirarrakinsa Sarewa cewa yake mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ni nake tace hirarrakin, na ji wannan jimlar ta fi sau ashirin, kuma ban taɓa yanke ta ba.

"Da rana rediyo ya ce an kaɗe mai shara, farar mota, direba ya gudu. Kai da bakinka ka gaya min fara ka saya. Na zauna a kujerar nan ina jiran ka zo ka gaya min. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ka kira ni sau ɗaya, harshenka a karye, ba ka tambayi lafiyata ba, ka ce kada a bar kowa ya taɓa tamfol. A bayanka ina jin kiɗan nan da Mai Wayoyi ke maimaitawa in yana aiki, na san inda kake. Rana ta uku suka ce an yanke mata ƙafa, 'ya'yanta huɗu. Suka karanto lambar da za a kira. Sau biyu suka karanto, na haddace."

"Umma, kar ki faɗa," in ji Yaya.

"Ni na kira su."

Ban san me na zata zai yi ba. Ihu, ko fasa wani abu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna daɓas a kan tayil, ya zuba wa yatsan nan mai tabo ido. Ni kam tausayinsa ya kama ni, ban kuma ji daɗin kama ni da ya yi ba, don na taɓa ganin matar a kotu a kan keken guragu.

"Ke?" ya ce.

"Ni."

"Kin san me ake yi wa mutum a can?"

"Ban sani ba. Na dai san me ake yi wa mai shara in ba ta da ƙafa. Kuma na san da na bar ka da ƙwayoyin nan, da yanzu saƙon Mai Wayoyi kaɗai ya rage min."

"Na saki matata, Umma."

"Na sani. Nan ta kawo takardar ta karanta min. Na ce a kai ni gidan yarin in gaya maka gaskiya. Ta riƙe ƙafata ta ce in bari, wai in ka ji ni ce ba za ka fito da hankalinka ba, gara ka tsane ta ita, tsanar za ta riƙe ka. Na biye mata. A duk abin nan, wannan ne laifina, kuma shi nake neman gafara a kai. Kiran da na yi kuwa, ko yau aka dawo da shi zan sake."

"Ta sani? Duk zagin da ake mata, ta san ke ce?"

"Duk mako tana zuwa in yayarka ta tafi aiki. Ita take yanke min farce."

Wayarsa ta hau ruri a aljihu. Bai taɓa ta ba. Ta katse, tawa ta ɗauka. Mai shirya shirin ne. Na ɗaga murya ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, motarmu tana ƙofar gidan da ka kwatanta. Uku da kwata fa. Mutane sun cika shafinmu suna jira, ka ce masa sunan nan shi ne shirin gaba ɗaya."

Na ce to, na kashe. A waje aka danna hon.

Umma ta laluba ƙarƙashin kujera da ƙafa ta jawo takalmanta, tsofaffin, ba na cikin akwati ba.

"In suna ka yi musu alkawari, ga mai sunan. Ka kai ni in zauna kusa da kai, ka nuna ni. Ni ba na ganin masu kallo, ba abin da zai dame ni."

"Umma, don Allah."

"Amma sunan yarinyar nan ba zai fita daga bakinka ba, sai dai in bayan raina."

Ya kifa kansa a gwiwa. Fiton nan na hancinsa yana fita da sauri da sauri, babu mai yanke shi.

"Ba zan iya haɗa ido da ita ba," ya ce. "Ko lambarta ba ni da ita. Injiniya, kana da lambarta?"

"Ba ka buƙatar lamba," in ji Umma. "Tun sha biyu suke ɗakin ciki, ita da 'yarka. Ni na ce su zo. Yarinyar ta gaji da jira ta yi barci."

Sai a lokacin na gane sautin da nake ji tun shigowarmu. Ba taga ba ce. Fito ne siriri, irin nasa sak, sai dai ƙarami, yana zuwa yana ɗaukewa a bayan ƙofa.

Shi ma ya ji. Ya miƙe, ya taka har gaban ƙofar ɗakin, ya tsaya. Hannuwansa suka koma baya da kansu. Yana jira.

Aka sake danna hon, wannan karon da tsawo.

Na yunƙura zan tashi in buɗe masa kamar yadda na saba kwana shidan nan. Umma ta ji motsin jakata.

"Zauna, Mai Wayoyi, ka yi naka." Ta juya fuskarta wajen da numfashinsa yake. "Ba za ta fito ba, Auta, kuma babu gandiroba a gidan nan. Kai za ka murɗa."